Robot na faɗa da fanka maimakon taya

Ɗan'uwa ka tambaya ko fanka za ta iya tura robot ɗinka na faɗa ba tare da taya mai inji ba. Eh zai tafi, amma fa akwai aiki. Fanka biyu za ka ɗaura a baya, in za ka yi kwana dama sai ka ƙara wa ta hagu wuta, shi ke nan sitiyarin. Matsalar birki ce, babu shi sam sai dai ka sa fankar ta juya da baya, kuma in mai taya ya sa maka kafaɗa wallahi har bango zai kai ka kamar kwali, don shi ya kama ƙasa kai kuwa iska kawai kake turawa. Batir ma shanye shi take, da ƙyar ya kai ka minti 3 na wasa. Mu nan Jos kuma tsayin garinmu daga teku wajen mita 1,200 ne, iskarmu ba ta kai ta Legas kauri ba, turin zai ɗan ragu. Ni dai da ƙarami zan fara, ajin robot masu nauyin gram 150, kuma ka sa wa fuka-fukan raga, suna yanka yatsa.