Kun Tambaya, Mun Amsa: Mako Guda a Gashaka-Gumti, Ina Za a Kwana?

Wasiƙun wannan fitowar sun haɗu a kan wuri ɗaya, wato gandun daji na ƙasa na Gashaka-Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa. Shi ne mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan.

Tambaya: Mu shida ne, abokan aiki, mun samu hutun mako guda a watan Disamba. Muna so mu hau Chappal Waddi, mu kuma ga birin nan chimpanzi. Wane otal za mu kama wanda za mu riƙa fita da safe muna dawowa da yamma? (Wani mai karatu daga Kano)

Amsa: Malam, otal ɗin da kuke nema babu shi, kuma gara ku san haka tun kuna gida. Gashaka-Gumti ba irin Yankari ba ne, inda mutum zai sauka a Wikki ya shiga mota a zaga da shi a dawo da shi kafin la'asar. A nan hanya ce ke zaɓa muku makwanci. Abubuwa biyun da kuka ambata ma ba ƙofa ɗaya ake bi a same su ba. Chimpanzi yana cikin kurmin ƙasa-ƙasa, wajen ƙauyen Gashaka da Kwano, ana shiga ta Serti. Chappal Waddi kuwa yana can kan iyakar Kamaru, kuma yawancin masu hawansa sai sun haye tsaunin Mambila tukuna, su bi ta Nguroje zuwa Njawai, sannan su kama tafiyar ƙasa.

Yanzu ku ƙirga kwanakinku da gaskiya. Daga Kano zuwa Jalingo ta Bauchi, Gombe da Numan yini guda ne cur. Daga Jalingo zuwa Serti ta Bali, ku ware masa mafi yawan yini na biyu. Komawa ma haka. Kwana huɗu sun tafi a kan kwalta, saura uku. Kwana uku sun isa a yi ɗaya daga cikin biyun a natse, amma ba su isa a haɗa su ba. Wanda ya dage sai ya haɗa, ƙarshenta zai kwana a mota, ya yi tuƙin dare a hanyar da ba ta dace da tuƙin dare ba, ya dawo gida bai ga ko ɗaya yadda ya kamata ba.

Shawararmu ita ce ku zaɓi ɗaya. In kuma ranku ya kafe a kan biyun, to ku fara ƙirga makon daga Jalingo, wato ku nemi hutun kwana tara. Sai tsarin ya zama haka: kwanan farko a Serti, inda hedikwatar gandun take, a nan za ku biya kuɗin shiga, a haɗa ku da ma'aikatan da za su raka ku. Kwana biyu a wajen ƙauyen Gashaka. Ku dawo Serti ku hau Mambila, ku kwana a Nguroje ko Njawai. Kwana ɗaya ko biyu a tanti a kan hanyar dutse. Kwana na ƙarshe ku bar shi babu komai a cikinsa, domin taya za ta fashe, ko babur ya ƙi tashi, ko wani a cikinku ƙafarsa ta kumbura.

Game da chimpanzi, kada ku ɗora ranku a kan lallai sai kun gan shi. Dabba ce mai gudun mutane. Abin da aka fi samu shi ne a ji ihunsa da asuba daga cikin kurmi, ko a nuna muku sheƙar da ya lanƙwasa rassa ya yi a saman bishiya ya kwana a ciki. Bika da sauran birai kam za ku gani, haka ma tsuntsaye, waɗanda aka ƙirga sama da iri 500 a gandun.

Tambaya: Ni da maigidana da yara uku da mahaifiyata muke son zuwa. Ba hawan dutse za mu yi ba. Wane masauki ya fi dacewa da iyali, kuma me zan tambaya kafin in biya? (Wata Hajiya daga Kaduna)

Amsa: Hajiya, ku yi zamanku a Serti, ku riƙa shiga gandun da rana. Hukumar gandun tana da masaukin baƙi a garin, akwai kuma ƙananan otal-otal. A Serti akwai kasuwa, da wurin shan magani, da masallaci, da sabis na waya, waɗanda duk suna raguwa da zarar an nausa ciki. A ƙauyen Gashaka ma akwai sansanin baƙi, kimanin kilomita 35 daga Serti, amma hanyar ta ƙasa ce, tana ratsa rafuka, kuma in Mama ta ji ba daɗi da dare, fitowa aiki ne. Kwana ɗaya a can ya ishe ku, shi ma in kun ga jikinta ya ɗauka. Kwano kuwa sansanin masu bincike ne, tafiyar ƙasa ce ta kusan sa'a uku daga ƙauyen Gashaka, sai da izini, kuma ba wurin kai tsohuwa da ƙananan yara ba ne.

Hoton ɗaki da za a turo miki a waya ba zai gaya miki komai ba. Ki kira, ki yi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Ruwa daga famfo yake zuwa ko a bokiti ake kawowa? Wuta ta janareta ce ko ta sola, kuma ƙarfe nawa ake kashewa? In janareta ce, wa ke sayen mai? Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ta fi haddasa rigima, domin sau da yawa baƙo sai ya sauka ake ce masa kuɗin ɗaki daban, kuɗin mai daban. Tagogi suna da raga? Akwai inda za a ɗaura gidan sauro? Akwai mai dafa abinci, ko za a ba ki wurin girki? Banɗaki a cikin ɗaki yake ko a waje? Ga mai shekaru, banɗakin waje da dare a wurin da babu fitila hatsari ne na gaske.

Ki nemi a rubuto miki jimillar kuɗin a saƙo: kuɗin shiga na kowane mutum, na mota, na kyamara in ana karɓa, na ɗan rakiya, da na ɗaki. Kada ki biya na mako guda gaba ɗaya tun daga gida. Ki biya na kwana ɗaya ko biyu, sauran sai kin ga ɗakin da idonki. Ki zo da zanin gadonki da gidan sauronki ko da an ce akwai.

Abin kallo ga yara bai yi kaɗan ba. Akwai gurbin dorinar ruwa a kogin Mayo Kam, akwai kuma kangon ganuwar da Jamusawa suka gina a kan tudu kusa da ƙauyen Gashaka tun lokacin da yankin ke hannunsu, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai dai ki riƙe yara gam a bakin ruwa. Kogin da ya kwanta lumui yana iya ɓoye kada, kuma dorina ta fi yadda ake zato gudu a tudu. Ba a shiga wanka sai inda ɗan rakiya ya nuna.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, ban taɓa hawan dutse ba sai Kufena. Zan iya Chappal Waddi? An ce iska tana ƙarewa a sama. (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, in kana da ƙoshin lafiya. Tsawon dutsen mita 2,419 ne, kuma ciwon da ƙarancin iska ke jawowa yawanci daga mita 2,500 zuwa sama yake fara damun mutane. Za ka yi haki, amma ba wannan ne abin tsoro ba. Ba a kuma bukatar igiya, tafiya ce a kan tuddai masu ciyawa, hawa da gangara, sa'o'i masu yawa a jere.

Abubuwan da ke kayar da mutane uku ne. Na farko takalmi. Sabon takalmi yana tayar da bororo a dunduniya tun ranar farko, daga nan tafiya ta lalace. Ka saye shi tun saura wata guda, ka riƙa yawo da shi, ka haɗa da safa mai kauri ƙafa uku da filasta. Na biyu sanyi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, ga iska babu abin da ke tare ta. Mutumin da ya baro Serti yana gumi da tsakar rana zai kwana yana karkarwa a sama in bai shirya ba. Ka tafi da jakar barci ko bargo mai kauri, da suwaita, da hular sanyi, da rigar da iska ba ta ratsawa. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne shimfiɗa: ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki, don haka siririyar katifar soso a ƙarƙashinka ta fi bargo na biyu a samanka amfani. Raɓa tana sauka sosai, duk abin da ka bari a wajen tanti za ka same shi jiƙe sharkaf da safe. Ka sa kayan sawarka cikin leda kafin ka zuba a jaka.

Na uku nauyin kaya. Abin da za ka goya kada ya wuce kilo 8 zuwa 10. Sauran ka ɗauki ɗan dako daga ƙauyen da za ku tashi, ku yi ciniki ku gama kafin a ɗaga kaya, kuma kada a ɗora masa fiye da kilo 20. Abincinsa da na ma'aikatan gandu yana wuyanku, ku sa su a lissafi.

In hanya ta bi da ku ta rugar Fulani ko ƙauye, ku fara zuwa gaida jauro, wato mai garin, kafin ku kafa tanti. Fulatanci ne harshen wurin, amma Hausa tana fitar da mutum. Ɗan sukari da ganyen shayi da goro a hannu suna buɗe ƙofa, wani lokaci har a ba ku ɗakin kwana. Ka riƙe katin shaidarka a jikinka, domin ƙwanƙolin dutsen a bakin iyaka yake, kada kuma ka gangara ɓangaren Kamaru don ɗaukar hoto.

Tambaya: Hutuna a watan Agusta yake. Ya yi? (Wani malamin makaranta daga Katsina)

Amsa: Bai yi ba, Malam. Damina a can tana kamawa tun wajen Afrilu har zuwa Nuwamba, ruwan ya ninka wanda kuka saba da shi a Katsina, rafuka suna cika su datse hanyar shiga. Lokacin zuwa shi ne Disamba zuwa Maris. Farkon Disamba ya fi kyan gani, ciyawa ba ta gama bushewa ba. A Janairu da Fabrairu hazo da hayaƙin ƙunar daji suna iya rufe tsaunuka. In Agustan kawai kake da shi, ka tsaya a kan Mambila, ka sauka a Gembu ko Nguroje, ka je gonar shayi ta Kakara.

Tambaya: Da motata ƙarama zan je. Me zan tanada na abinci, ruwa da kuɗi? (Wani ɗan kasuwa daga Gombe)

Amsa: Alhaji, ƙaramar mota za ta kai ka Serti, amma ka ajiye ta a nan. Cikin gandu sai mota mai tudu mai jan taya huɗu irin Hilux, ko babur. Ka yi maganar haya da ofishin gandun tun kafin ka taso. In za ka hau Mambila da taka, ka duba birki da ruwan lagireto a Serti. Hawan daga wajen Mayo Selbe mai lanƙwasa ne, mota tana zafi a hawa. A gangarowa kuwa ka sa giya ta ɗaya ko ta biyu, injin ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama, birkin zai yi zafi ya daina kamawa tun bai kai ƙasa ba. Ka cika tanki a Jalingo, ka ƙara a Bali ko Serti, ka riƙe jarka ɗaya ta lita 20 da safayar taya mai iska.

Ruwan sha, ka lissafa lita 3 zuwa 4 ga kowane mutum a ranar tafiyar ƙasa. Ba za a iya ɗaukar na kwana uku a ka ba, dole a sha na rafi, kuma shanu suna shan rafukan nan. A tace da ƙyalle mai tsabta, a tafasa. A ƙasa minti ɗaya yana tafasa ya isa, amma sama da mita 2,000 a bar shi minti 3, domin a can ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba. Wannan dalilin ne ma ya sa wake ke ƙin nuna a kan dutse. Ku bar wake a gida, ku ɗauki taliya, shinkafa, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino da kayan shayi. Kilo ɗaya na shinkafa yana ciyar da mutum shida zuwa bakwai sau ɗaya. Ku tafi da ƙaramar tukunyar gas, domin a saman tuddai itace yana wuya, kuma wutar da aka hura cikin busasshiyar ciyawa da iska tana kuɓucewa nan take.

A kurmin ƙasa akwai tsando, cizonsa da zafi, kuma baƙin kaya da shuɗi ne ke jawo shi. Ku sa kaya masu ruwan ƙasa, dogon hannu da dogon wando, ku cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska. A akwatin magani a sa na zazzaɓin cizon sauro, da na ciwon jiki, da ƙullin gishiri da sukari na gudawa, da bandeji. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ɗauki maganin da ya zarce kwanakin tafiyar.

Kuɗi kuwa tsaba, kuma ƙananan takardu. Bayan Serti da Nguroje kada ka dogara da tura kuɗi ta waya. Kafin sabis ya ɗauke, ka gaya wa mutanen gida ranar da za ka fito da lambar ofishin gandun. Ka kira ofishin saura kwana biyu ka taso ka tambayi halin tsaro a hanyar Bali da cikin gandun a wannan makon, ka bi abin da suka ce ko da zai rushe maka tsari, kuma ka tsara kowace tafiyar mota yadda za ka isa masauki kafin magariba.