Ina son karanta ilimin taurari, ta ina zan faro?

Wasiƙu biyu na ɗauko a wannan makon, ɗaya daga ɗaliba, ɗaya daga uba, kuma duk maganar sama suke yi.

Ɗalibar 'yar ajin ƙarshe ce a sakandare, daga Mabera. Ta ce: "Malam, in an ɗauke wuta muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kowa na hira ni ina kallon sama. Zan cike JAMB bana, amma ban ga kwas ɗin taurari a jami'o'inmu na Sakkwato ba. Baba kuma ya ce wannan aikin 'yan duba ne, in nemi aikin jinya. Mi zan yi?"

Ɗiyata, kada ki yi gardama da Baba, don tsoronsa yana da tushe. Akwai masu cewa taurari na faɗa musu wanda zai yi arziki da wanda zai mutu, kuma malamanmu sun daɗe da yin hani da wannan. Abin da kike so daban ne: awo ne da lissafi. Ki tuna masa cewa daga fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ake sanar da Nijeriya ganin watan azumi da na salla, kuma akwai kwamitin da ke tantance shaidar waɗanda suka ce sun gani. Sanin lokacin da jinjirin wata zai faɗi bayan rana, da wajen da za a neme shi, wannan ilimin ne. Haka tsofaffin da ke ƙirga taurari 28 na shekara, kusan kowanne kwana 13, don su san lokacin shuka. In da hali, ki roƙi malaminku na Fiziks ya zo gida su zauna da Baba. Magana daga bakin babba ta fi shiga.

Batun kwas kuwa, ƙofar ita ce Fiziks. Mafi yawan masana taurari a duniya da shi suka fara digirin farko, sai a digiri na biyu suka karkata zuwa sama. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen Fiziks, ga ta nan bayan Kwalkwalawa. A JAMB ki ɗauki Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka tana da sashen da ya haɗa Fiziks da ilimin taurari, kuma a garin ne hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, ta ajiye cibiyarta ta binciken sama. Amma ni shawarata ki yi digirin farko a gida. Kuɗin mota da na masauki sun ragu, hankalin iyaye ya kwanta, kuma sakamako mai kyau daga nan zai buɗe miki Nsukka ko Afirka ta Kudu, inda aka ƙaddamar da na'urar binciken sama ta rediyo da ake kira MeerKAT mai farantai 64 a 2018, jami'o'insu kuma suna karɓar ɗalibai daga sauran ƙasashen Afirka.

In kuma duniyoyi ne suka fi jan ki, wato duwatsunsu da ƙasarsu, to ki duba sashen ilimin duwatsu. A watan Oktoba na 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina. Da aka yi ta gwajinsa, sai aka tabbatar ɓarin duniyar Mars ne. Yau gutsattsarinsa na ɗakunan bincike a Turai da Amurka, kuma yana yi mini ciwo cewa 'ya'yanmu kaɗan ne suka ma ji labarinsa.

Abu biyu ba zan ɓoye miki ba. Karatun nan lissafi ne tun safe har dare, kallon sama ɗan kaɗan ne a cikinsa. In lissafi na ba ki wuya, ki gyara shi tun yanzu. Sannan guraben aiki a fannin ba su da yawa a ƙasar nan: koyarwa a jami'a, NASRDA da aka kafa a 1999, sai makamantansu. Abin da ke rufa wa masu wannan karatu asiri shi ne kwamfuta. Wanda ya iya sarrafa bayanai da Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, yana samun aiki ko a banki ko a kamfanin sadarwa. Saboda haka in kin samu gurbi, kwamfutar tafi-da-gidanka, ko ta hannu ce, ta riga na'urar hangen nesa muhimmanci.

Wasiƙa ta biyu daga wani Alhaji ce a Arkilla. Ɗansa mai shekara 14 ya dame shi da a saya masa na'urar hangen taurari, ya ga wata a intanet an rubuta tana ƙara girma sau 600, yana tambaya ko ya tura kuɗin.

Alhaji, kada ka tura. Na taɓa sayen irinta. Na kafa ta a kan soro, ƙafafunta sirara kamar na zalɓe, iska kaɗan sai wata ya riƙa rawa a cikin madubin har ya fice, in koma lalube. Sati biyu na mayar da ita kwali. Ƙarfin na'ura yana ga faɗin bakinta, don shi ke tara haske. Mai baki milimita 60 ba ta wuce ƙari sau 120 da ido zai amfana da shi, sauran talla ce.

Ka saya masa madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda aka rubuta 10x50 a jikinsa, ka gwada shi da hannunka kafin ka biya. In ya jingina shi a kan katanga don hannu kada ya girgiza, zai ga ramukan wata, zai ga Kaza da 'ya'yanta sun ninka abin da ido ke gani, har ƙananan watannin duniyar Mushtari (Jupiter) guda huɗu da masanin Italiya Galileo ya fara hangowa a 1610 zai iya tsinkaya kamar ɗigon haske. Ka sa masa manhajar Stellarium a waya, tana nuna sunan duk abin da ya saita wayar a kansa a sama. In shekara ta zagayo bai gaji ba, sai a yi maganar babba mai baki milimita 130 ko 150, wadda za ta nuna masa zoben duniyar Zuhal (Saturn).

Ka ja masa kunne sosai: kada ya taɓa duban rana da madubin, ko sau ɗaya, don yana makantarwa nan take. Lokacin hunturu hazo na rufe mana sama, ƙura kuma na cin madubi, sai ya riƙa rufe shi a jaka, kada ya goge da bakin riga. Sama ta fi wankewa a ƙarshen damina, wajen Oktoba. Ku zaɓi daren da babu farin wata, ku fita inda fitilun gari ba su kai ba, wurin dangi da ka amince da zaman lafiyarsa, ku ba idanunku kamar minti 20 su saba da duhu kafin ku fara.