Saita sabuwar rauta ta MikroTik daga nesa

Malam, ka ce an kai sabuwar rautar MikroTik (na'urar da ke rarraba intanet) reshenku da ke wani gari, kana so ka saita ta daga inda kake. To, sabuwar rauta a kulle take ta ƙofar ether1, wato ramin da layin intanet ke shiga, ba za ka shiga ta intanet ba. Sai wani a can ya jona kwamfuta a rami na biyu, wato ether2, ya ba kwamfutar intanet daga wayarsa, kai kuma ka kama kwamfutar da AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, ka buɗe WinBox, manhajar saita MikroTik, a adireshin rautar, 192.168.88.1.

Kafin ka taɓa komai, canza kalmar sirri, sannan ka danna maɓallin Safe Mode da ke cikin WinBox. Wannan maɓallin shi ne gatanka: idan ka yi kuskure layi ya yanke, rautar za ta warware canje-canjen da kanta bayan kamar minti 9. Masu rufe wa kansu ƙofa yawanci shi suka manta.

Kada ka buɗe tashar 8291, wadda WinBox ke bi, ga duniya, ta nan aka yi wa rautoci da yawa kutse a 2018. WireGuard, wato amintacciyar hanyar shiga daga nesa (VPN), ya fi, yana cikin RouterOS 7, manhajar da ke tafiyar da rautar. Amma in layinku na SIM ne, da wuya ku sami adireshin IP na kanku wanda za ka bi ka iso rautar daga waje. Nan kam sai ka tuntuɓi kamfanin layin ko ƙwararre.