Hoton dolfin a jikin gwangwanin tuna

Tambaya: Malam, na ga hoton dolfin a jikin gwangwanin kifin tuna, wai shaidar cewa ba a kashe dolfin wajen kamun ba. Ke nan wannan kifi ba ruwansa da ɓarna a teku? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, alamar ba ƙarya take yi ba, sai dai dolfin kaɗai ta sani.

A gabashin tekun Pasifik, tuna kan yi iyo a ƙarƙashin garken dolfin, wata dabbar teku mai kama da kifi. Tun ƙarshen shekarun 1950 manyan jiragen kamun kifi suka riƙa zagaye garken da ƙaton taru, su zuge bakinsa daga ƙasa. Shi kuwa dolfin da huhu yake numfashi, in ya sarƙe bai leƙo sama ba, shi ke nan. An kiyasta sama da miliyan 6 sun halaka. Amurka ta kafa dokar wannan alama a 1990, kisan kuma ya ragu ƙwarai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dabarar da ta yi tashe daga baya. Ana sakin wata 'yar rumfa ta yi ta yawo a kan ruwa, da tsummokaran raga na reto a ƙarƙashinta, da na'urar da ke sanar da jirgi inda take. Kifi na son raɓar abin da ke yawo a kan ruwa, sai kowa ya taru: ƙananan tuna da ba su kai haihuwa ba, 'ya'yan kifin shak, kunkurun teku. In taru ya rufe, ba ya tambayar sunan kowa. Rumfunan da aka watsar kuma igiyar ruwa kan kai su kan duwatsun murjani, kamar yadda ake gani a tsibiran Seshel, su yi ta kakkarya su.

Ga kuma mamari mai tsawon kilomita da dama, ɗauke da dubban ƙugiyoyi. Albatros, wani babban tsuntsun teku, kan kai wa koton sura, ƙugiya ta ja shi ƙasa ya nutse. Tsuntsun da ƙwai ɗaya tak yake yi, wani jinsin ma sai bayan shekara biyu, ina zai iya mayar da wannan asara?

Don haka ki duba yadda aka kamo kifin, wasu kamfanoni na rubutawa. In kin ga an ce da fatsa ne, ɗaya bayan ɗaya, irin yadda masuntan tsibiran Maldibs ke yi, wannan ya fi sauƙin ɓarna nesa ba kusa ba. In ba a rubuta komai ba, ni dai nakan mayar da gwangwanin.