Hutun haihuwata ya kusa ƙarewa, ya zan yi da nono zalla da gidan raino?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Sista, dan Allah a ɓoye sunana. Ina Unguwar Dosa nan Kaduna, haihuwar fari ce, yau yarona satinsa goma. Koyarwa nake a wata makarantar kuɗi, wata uku kacal suka bani, saura sati biyu in koma. Hajiya mahaifiyar maigidana ta ce zafi ya shigo dole a fara ba shi ruwa, kuma ita ɗin ce dai bata yarda a cire masa hula da suwaita, wuyansa duk ya feso da ƙuraje. Ni nono zalla nake so in ba shi har wata shida amma ban san ya zan yi da aiki ba, ga shi gani nake kamar baya isarsa dan kullum yana bakin nono. Akwai gidan raino kusa da makarantarmu, in kai shi can ko in bar shi gida wajen yarinyar da ke taya ni aiki? Wlh kaina ya kulle.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da sauka lafiya, Allah ya raya shi ya yi masa albarka. Bari in fara da wanda na san shi ke hana ki barci, wato wai nonon baya isarsa.

Yawan neman nono ba shi ke nuna yunwa ba. Yaro kamar naki zai sha sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, wani ma ya wuce haka musamman daga la'asar zuwa bayan magariba, kina cire shi yana sake lalubo ki, haka suke, cikinsa ƙarami ne kuma nonon uwa baya daɗewa yake narkewa. Abin da za ki duba famfas ɗinsa ne da katin awonsa. In yana jiƙa famfas ko nafkin aƙalla sau 6 daga safiyar yau zuwa ta gobe, fitsarin fari-fari ba mai duhu ba, kuma aka ɗora shi a sikeli nauyinsa ya ƙaru kan na wancan zuwan, toh nononki yana isarsa ko da duk layinku sun taru sun ce baya isa. Yanzu ai lokacin rigakafin sati 10 ne, sai na sati 14, ki ce wa nas ɗin ta nuna miki yadda nauyinsa ke hawa a katin, kar ki karɓa ki jefa a jaka kawai. Kuma in kin ji nonon ya daina cika tam ya yi laushi ba ƙafewa ya yi ba, jikinki ne ya gane iya abin da yaron ke sha. Gwargwadon yadda aka cire nono gwargwadon yadda yake zuwa, ki riƙe wannan dan zai miki amfani a maganar aiki.

Ruwa kuwa a'a, kar a ba shi, ko a Afrilu da Kaduna ke ɗaukar zafi kamar me. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Ruwan da za a ɗura masa cika masa ciki zai yi ya rage shan nono, nonon ya ja baya, ga kuma an buɗe wa gudawa ƙofa. In zafi ya yi yawa ke ce za ki ƙara shan ruwa, shi kuma a ƙara sa shi a nono. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF wata 6 suka ce nono zalla, daga nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2, wanda dama shekara biyun ita Alƙur'ani ya ambata. Zuma ma kar a lasa masa sai ya shekara.

Hajiya ba da mugun nufi take ba, haka ta raini nata ciki har da mijinki, so kar ki tsaya ja-in-ja da ita, ba za ki ci riba ba. Ranar rigakafi ki ce Hajiya dan Allah ki raka ni, ki yi tambayar ruwan a gabanta nas ta amsa. Na sha ganin kakar da ta ji da kunnenta ta koma gida ita ke hana wasu ba jikanta ruwa.

Kayan sawa. Cikin hunturu kika haife shi, lokacin hula da safa da suwaita daidai ne, yanzu kuwa sun gama aikinsu. Abin da ke ruɗar mutane shi ne su taɓa hannun jariri ko ƙafarsa su ji sanyi sai su ƙara masa bargo, alhali hannun jariri kusan kullum a sanyaye yake. Ki sa hannunki a bayan wuyansa ko ƙirjinsa, in kin ji gumi ko ɗumi sosai kayan sun yi yawa. Da rana singileti ɗaya na auduga da famfas ya wadatar, da daddare ƙaramar riga mara nauyi, a cikin gidan sauro, kwance rigingine ba rub da ciki ba, babu filo babu hula. Ƙurajen wuyan nan na zafi ne, ki rage kaya, ki goge lungun wuyan da ruwa mai tsabta ki bar shi ya sha iska, a daina zazzaga masa hoda da lafta mai mai kauri, cikin 'yan kwanaki za su kwanta. In sun yi ruwa ko mugunya a kai shi asibiti.

Kar ki ɓata kuɗi kina jibgo kayan 'yan wata uku, sati nawa ne sun matse shi. Kuma gwanjon Kasuwar Barci ba abin kunya ba ne, sau da yawa audugarsu ta fi ta sabbin leda masu sheƙi laushi, ki dai wanke tas ki ɗauraye sosai, ki shanya a rana ki goge kafin ya sa.

Wanda nake so ki ji ni da kyau shi ne kafur, fararen ƙwayoyin nan da ake jefawa a akwati ko durowa saboda kyankyaso. Ki kwashe su gaba ɗaya daga inda kayansa suke. Akwai yara da yawa a ƙasar nan, maza sun fi, da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini da likitoci ke ce wa G6PD, ba a ganewa da ido, kuma irin waɗannan yaran kayan da suka sha kafur kaɗai na iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini, sai ki ga ido ya yi rawaya, shawara ta kama, jini ya yi ƙasa. Duk kayan da suka kwana da kafur a sake wanke su. Man zafi ma kar a shafa masa a hanci ko ƙirji, turaren wuta kuma ki yi abinki amma ba da shi a ɗakin ba, sai hayaƙin ya fita.

Toh yanzu aiki. Da a gwamnatin jihar Kaduna kike da wata 6 za ki samu, tun 2019 aka ba ma'aikatanta mata haka, amma makarantun kuɗi yawanci a sati 12 na dokar ƙwadago suke tsayawa. Sai dai wannan dokar ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki, kuma mata da yawa basu san da shi ba. Ki je ki samu shugabar makarantarku tun yanzu cikin ladabi ku tsara lokacin, kar ki bari sai ranar da kika koma.

Ki fara koyon tatsa daga gobe. Da safe nono ya fi yawa, so bayan ya sha na asuba ki wanke hannu da sabulu, ki samu kofi mai murfi da kika tafasa, ki ɗora babban yatsa a saman baƙin da ya zagaye kan nonon, manuniya a ƙasa, ki danna baya wajen ƙirjinki sannan ki matse ki saki, ki matse ki saki, kina zagayawa da yatsun. Ba kan nonon ake ja ba, ciwo kawai za ki ji. Ranar farko ƙila cokali biyu uku ki samu ki ce wannan me zai yi, ki ci gaba, a cikin sati zai ƙaru. Ba dole sai kin sayi famfon tatsa ba. Kusan mil 30, wato mililita, na nono ake lissafa wa kowace awa da ba kya tare da shi, kinga daga 7 da rabi zuwa 2 wajen mil 200 kenan, in kuma kina leƙawa ki ba shi a tsakani bai ma kai haka ba. Ki rarraba a ƙananan kofuna, kar ki haɗa a ɗaya.

Ajiya ita ce matsalarmu saboda wutar Nefa. A ɗaki haka kawai kar ya wuce awa 4, da zafin nan ma ki sa kofin a rufe cikin kwanon ruwan sanyi. A firij mai wuta tsayayya yana kwana 4, amma firij ɗin da wuta ke zuwa ta tafi kar ki dogara da shi, gara ƙaramar kula da ƙanƙara, wannan zai riƙe miki shi wuni guda. In za a ba shi a tsoma kofin cikin ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta. Za ki ga maiƙo ya taso sama, ba lalacewa ya yi ba, a juya shi a hankali. Wanda ya sha ya rage in ya kai awa 2 a zubar. Ni ƙaramin kofi na fi so a ba shi da shi a kan fida, a zaunar da shi a kusanta kofin da leɓensa ya dinga lasa da kansa ba ɗura ba, saboda wanke fida yadda ya kamata aiki ne kuma nan gudawa ke ɓuya. Sai wata magana da za ki ji, wai nonon da ya wuni a jiki kin sha rana ya yi tsami sai an tatse an zubar. Ba gaskiya ba ne, nono baya lalacewa a jikin uwa, kina dawowa ki wanke hannu ki ba shi.

Tsakanin gidan raino da yarinyar gida, in ƙaramar yarinya ce kuma ita kaɗai za a bar wa shi ban goyi baya ba, ɗan wata uku ya fi ƙarfinta. In Hajiya za ta zauna da su kuma ta yarda da maganar ruwan, gida ya yi. In ba haka ba gidan rainon kusa da makarantar ya fi miki, dan za ki tsallaka lokacin tara ki ba shi nono da kanki. Amma ki je musu ba tare da kin sanar ba, wajen 11 na safe da aiki ya kacame. Ki ƙirga jarirai ki ƙirga masu raino, mace ɗaya kar ta wuce jarirai uku ko huɗu. Ki duba ko akwai ruwa da sabulu a inda suke canza famfas, ko kowane yaro da wurin kwanciyarsa, ko iska na shiga ɗakin, janareto kuma yana nesa da taga. In kin tarar duk yaran sun yi barci lokaci guda shiru kamar ba kowa, ki tambaye su kai tsaye ko suna ba yara wani magani, ki kuma gaya musu naki ba ruwa, ba madarar gwangwani, ba kowane irin sirof sai da saninki. Ki rubuta sunansa a kofunansa. Wurin da ba a barin uwa ta shiga ciki sai dai a karɓi yaro a bakin ƙofa, ki nemi wani.

Zai ɗan yi mura a watannin farko saboda cuɗanya da yara, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Amma in jikinsa ya yi zafi ya kai 38, ko ya ƙi kama nono, ko numfashi na fita da sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko ya wuni famfas a bushe, su kira ki nan take ku wuce asibiti mafi kusa, na Kawo ko Barau Dikko, kar a tsaya kemis.

Ke kuma ki ci abinci ki ƙoshi, kunun gyaɗa, wake, ganye, ƙwai, duk abin da ya samu, ki tafi makaranta da gorar ruwanki. Kunun kanwa ki sassauta masa, tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da alaƙar yawan shan kanwa da ciwon zuciyar masu jego. In kin ga ƙafa na kumbura ko numfashi na miki wuya in kin kwanta, ki je a duba ki a ranar.