Mai hoto ya ce na amince, alhali kunya ce ta hana ni magana

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yi wa wata mai ɗinki tallar kaya, ana biyana kuɗin kowane zama. A zamanmu na ƙarshe, bayan mun gama hotunan abaya da leshi, mai hoton ya ce in ajiye mayafi, in sauke wuyan rigar zuwa kafaɗa, wai don aikin ɗinkin ya fito. Na yi ne saboda kunya, ga kuma mutane suna jira. Daga baya sai na ga hotunan a shafinsa na Instagram. Da na yi magana sai ya ce ai ban hana ba, kuma hoto nasa ne. Shin yana da gaskiya?
Wata mai karatu daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ba shi da gaskiya, kuma abin da ya yi miki cin amana ne. Yardar da ake karɓa a tsakiyar aiki, fitilu na haska mutum, mai kaya na duba agogo, kuɗin zama kuma bai shiga hannu ba, ba cikakkiyar yarda ba ce. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san cewa mace takan yi shiru don kara, kuma mai hoton da ya fake da wannan shirun ya san abin da yake yi. Mai sana'ar kirki yakan faɗi irin shiga da irin tsayuwar da za a yi tun kafin a kunna fitila. Idan wani sabon abu ya zo masa sai ya tsaya ya tambaya, ya ba da damar a ce a'a ba tare da an ɓata rai ba. Ba ya kai hannu ya gyara wa mace riga, ba ya hana ta zuwa da 'yar rakiya, kuma yakan juyo da kyamarar ya nuna mata abin da ya ɗauka, ya goge wanda ta ƙi a gabanta.

Ko da a ce kin yarda a ɗauka, wannan daban, yarda a wallafa daban. An ɗauke ki ne don tallar kayan mai ɗinki, ba don tallar shagonsa ba.

Game da cewa hoto nasa ne, akwai ƙamshin gaskiya, domin a ƙa'ida haƙƙin mallakar hoto yakan kasance na wanda ya ɗauka. Amma wannan bai shafe haƙƙinki ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin kowane ɗan ƙasa, sannan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta bayyana cewa shiru ba yarda ba ne, ta kuma ba mutum ikon janye yardarsa a kowane lokaci. Masu ɗaukar hoton kafin aure ma su sani, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba wanda ya sa aka ɗauke shi hoto don amfanin kansa ikon hana a yaɗa shi, sai dai in an yi wata yarjejeniya akasin haka.

Kafin ki sake yi masa magana, ki ɗauki hoton shafin yadda sunansa zai fito, ki adana saƙonninku. Sannan ki aika masa a rubuce cewa ba ki amince ba, ki ba shi wa'adin cire hotunan. Ki sanar da mai ɗinkin, domin ita ta kawo shi, kuma maganarta za ta fi yi masa nauyi tunda ita ce mai ba shi aiki. Idan ya ƙi, ki kai rahoton hotunan ta cikin manhajar, ki kuma nemi shawarar lauya. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA tana sauraron irin wannan kuka, haka ma Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa. Kada ki jinkirta, domin wanda ya riga ya sauke hoton a wayarsa babu mai iya ƙwace shi.

A zama na gaba kada ki tsaya gaban kyamara sai an rubuta a takarda kayan da za ki sa, inda za a wallafa hotunan, da tsawon lokacin da za a yi amfani da su, kowa ya sa hannu, ki riƙe kwafinki.