Japa, ci-rani da takari: amsar tambayoyinku

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Malam, abokaina 'yan Kudu ba su da zance sai wane ya yi japa, wance za ta yi japa. Shin japa ita ce ci-rani da Hausa?"

Ba ita ba ce, ɗana, ko da yake na san inda ka jiyo. Japa kalmar Yarbanci ce, gaɓa biyu aka haɗa: já, wato tsinkewa ko kuɓucewa, da pa, wadda ke ƙara wa aikin ƙarfi har ya zama babu waiwaye. Asalinta gudu ne daga wurin da ya yi zafi. Daga baya matasan Legas suka ɗora ta kan fita ƙasar waje da bizar aiki ko ta karatu, ta bazu har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da ita a sabuntawar da aka sanar a farkon 2025, tare da suya, wadda tamu ce, ko da yake mu a gida tsire da balangu muka fi faɗa. In abin da ya fi kusa da ita a bakin samarinmu kake nema, to "ya fece" ne, ko "ya ware", ko "ya arce".

Ci-rani kuwa sunansa ya faɗi wa'adinsa. Rani ake ci, kuma rani yana ƙarewa. Manomi ya gama girbi da kaka, ya zuba hatsi a rumbu, sai ya ɗauki 'yar jakarsa ya nufi Kano ko Sabon Ibadan ko Legas ko Kumasi. Ya yi ga-ruwa, ya yi dako, ya yi gadi ko yankan farce, bakinsa ya fita daga rumbun gida na wasu watanni. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, ba mai riƙe shi. Zai koma shuka da turmin atamfa da 'yan kuɗin taki. Sakkwatawa da mutanen Nijar kan ce ya tafi biɗa. Matarsa tana gida, gonarsa tana nan, kowa ya san watan dawowarsa.

To ka dubi ma'aikaciyar jinyar da ta sayar da motarta da filinta, ta zauna jarrabawar Turanci, ta sami bizar ma'aikatan lafiya da Ingila ta buɗe a 2020, ta kwashi 'ya'yanta ta tafi da fatan takardar zama na dindindin. Wane rani take ci? Wannan ƙaura ce, kuma Hausa tana da kalmar tun fil azal. Na san gidajen rediyo sun saba kiran duk wanda ya tsallaka iyaka ɗan ci-rani, har da masu shiga kwalekwale a Bahar Rum, kuma abin da baki ya saba da shi ba a hana shi da rubutu. Amma ni dai a ganina an ja kalmar har ta yi sirara. Hijira ma kada ka aro ta nan. Tana da nauyin addini da na tilas: mutanen da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas, aka yi yaƙin Burmi a 1903, ragowarsu suka zauna a Mai Wurno ta Sudan, su ne masu hijira. Likitan da ya tafi don albashi ba ya cikinsu. 'Yan Kudu sun ma ƙirƙiro wa masu dawowa tasu kalmar, japada, abin da ke nuna ita japa ba ta ɗauke da dawowa a cikinta.

Wata Hajiya daga Kano ta ce: "Ƙanwata tana Jidda tana aikatau. In mun yi waya sai ta riƙa cewa igama, kafili, hurub, ni ban gane ba. Kuma me ya sa ake ce musu takari? Zagi ne?"

Hajiya, tambayarki ta taɓo namu japan, don Bahaushe ya daɗe da fuskantar gabas kafin a san hanyar Landan. Takari daga Larabci ta zo, Takruri, wato mutumin Takrur, wata tsohuwar daula a bakin kogin Senegal. Larabawan Masar da Hijaz suka riƙa kiran duk baƙar fatar da ya zo hajji daga yammacin Afirka da wannan suna, ko Bahaushe ne ko Bafulatani ko Babarbare. A littattafan malamai suna ne na daraja, ƙasashenmu ma Biladut Takrur ake rubuta su. Amma a titin Jidda yau ya sauko, ya koma kan wanda ya shiga da umara ko hajji ya ƙi dawowa, yana zaune ba takarda. Saboda haka ya danganta da bakin da ya fito. Tsakaninsu suna faɗa suna dariya. Daga bakin wani kuwa raini ne. In ƙanwarki da bizar aiki ta shiga, a ƙa'ida ma ba takari ba ce.

Igama ita ce iƙama, katin izinin zama. Mutanen Saudiyya suna furta ƙ ɗin Larabci kamar g, namu suka ɗauko yadda suka ji. Kafili shi ne wanda ya ɗauko ta, sunansa ke kan takardarta. A littafi kafili mai lamuni ne, mai tsaya wa mutum. A aikace shi ke da ta cewa kan ko za ta sauya wurin aiki. Saudiyya ta sassauta wannan tsari a Maris na 2021, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida ba, su da Larabawa ke kira shaggala. Ki lura, tushen kalmar ɗaya ne da namu shagali da shagala, duk daga shugul, wato aiki. Mu muka mai da shi biki, su suka bar shi a wanke-wanke.

Hurub ita ce wadda nake so ki riƙe. Ma'anarta gudu. In ma'aikaci ya bar gidan kafilinsa, kafilin ya kai rahoto, sai a ce an buga masa hurub. Daga nan igamarsa na iya zama ba ta da amfani, in aka kama shi sai tarhil, wurin tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. In kin ji ta ambaci wannan kalmar game da kanta, to ba hira take yi ba. Haka in ejan ya zo gidanku yana tallan "firi biza", wai bizar da mutum zai yi aiki inda ya ga dama: dokar Saudiyya ba ta san wannan ba. Akwai kafili a takardar, kuɗi kawai yake karɓa ya kau da kai, ranar da asiri ya tonu kuma ma'aikacin ne a hannu.

Wani ya tambaya ko baƙin haure na nufin baƙaƙen fata. A'a. Baƙi ne jam'in baƙo, ana jan wasalin farko, ba baƙi na launi ba. Haure kuma ba na giwa ba ne, gurbin katanga ne inda ake haurawa a shiga ba ta ƙofa ba. Tilo baƙon haure, mace baƙuwar haure. Masu rubutu a waya su daure su sa wa ƙ ƙugiyarta, in ba haka ba sun rubuta bakin haure, wato gefen gurbin.

Ta ƙarshe daga wani magidanci a Kaduna ce. Ɗansa ya dage sai ya tafi Ingila aikin kula da tsofaffi. Yaron yana kafa hujja da "zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi", shi kuma uban yana ce masa "kowa ya bar gida, gida ya bar shi". Wai in raba musu gardama, wace ce gaskiya?

Alhaji, karin magana ba fatawa ba ce, kowacce da ranar da aka yi ta dominta. Ta ɗanka ma ta faɗi mai maganar: kifi ne, wanda in ya tsaya masunci ya same shi. Wanda ya ga ruwa na ƙafewa a kansa yana da ikon faɗarta. Taka kuma ba tsinuwa ba ce kamar yadda yara ke ɗauka, labari ce: wanda ya daɗe ba ya nan, za a yi suna da biki da rabon gado ba da shi ba, ya dawo ya tarar an saba da rashinsa. Mutanen da suka yi fatauci har Gwanja, suka kafa zango a kowane gari, su ne dai suka yi duka biyun, kuma ba su ga saɓani ba. Da likita ne ɗan naka da na ƙara maka da "gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa".

Amma wadda ta fi dacewa da zancenku ba ku kawo ta ba: hangen Dala ba shiga birni ba ne. Matafiyi kan hango dutsen daga nesa ya ɗauka ya iso, alhali da sauran tafiya, ga ganuwa, ga ƙofa da mai tsaronta. Ingila ta sa masu kula da tsofaffi cikin bizar lafiya a Fabrairun 2022, shi ya sa aka yi ta tururuwa. A Maris na 2024 ta hana sababbin masu wannan aiki tafiya da iyali. A Yulin 2025 ta rufe ɗauko su daga ƙasashen waje. Waɗanda suka riga suka shiga ma, in aka soke lasisin kamfanin da ya ɗauke su, kwana 60 ake ba su su sami wani ko su fita. Takardar ɗaukar nauyin nan da yara ke kira COS, wadda ejan-ejan ke sayarwa da miliyoyin naira, doka ba ta yarda a sayar wa ma'aikaci ita ba. Don haka kafin ku ci gaba da jifan juna da karin magana, ka ce ya kawo maka takardar da aka yi masa alkawari, da sunan aikin da ke jikinta, da kwanan watan da aka ba da ita.